Ku Daina Yi Wa Ƙannenmu Ƙaryar Shekaru a NIN

Jama'a, ku yi haƙuri, yau zan taɓo abin da wasunmu ba sa son ji.

Duk shekara idan JAMB ta buɗe rajista, shagunan kwamfuta a Kafanchan sai su cika da yara daga Kagoro, Zonkwa, Kwoi, har Godogodo, kowa riƙe da takardar NIN. Tun 2021 babu mai yin rajistar JAMB sai da lambar nan mai alƙaluma 11. Ka tura ta 55019, su kuma su ɗauko sunanka da ranar haihuwarka kai tsaye daga rumbun NIMC. Abin da ke can shi ne kai, ko ka so ko ka ƙi.

To me ya sa mu da muka riga su shiga makaranta, ko a KASU muke ko a Gidan Waya, mu ne ke raɗa musu a kunne, "rage shekara uku, saboda bautar ƙasa"? Wallahi wannan ba taimako ba ne, rami kake haƙa wa ƙaninka. Eh, na sani, wanda ya haura 30 kafin ya kammala ba ya zuwa NYSC, ga yajin aikin ASUU da ya cinye wata takwas a 2022. Tsoron yana da dalili. Amma yaron nan WAEC tana da shekararsa ta gaskiya, banki yana da ita a BVN, NIN kuma ta zo da wata daban. Ran da zai nemi bashin karatu na NELFUND, inda ake haɗa NIN da BVN da lambar JAMB wuri guda, wa zai tsaya masa? Kai da ka ba shi shawarar kana can kana harkarka.

Sai kuma maganar suna, wadda ta fi ci mini rai. Na ga yarinya 'yar Bajju da mai buga mata bayanai ya kasa rubuta sunan mahaifinta, ya rubuta abin da kunnensa ya ji, ita kuma kunya ta hana ta magana. Mu ma masu Muhammad ba mu tsira ba: nan Mohammed, can Muhammadu, mutum ɗaya suna uku.

Rajistar farko kyauta ce. Gyara kuwa da kuɗi, na ranar haihuwa ma dubban nairori ne, ban da rantsuwar kotu da kuɗin mota da jira, JAMB kuma ba ta jiran kowa.

Don Allah, in ƙanwarka ko ƙaninka zai je rajista, ka raka shi. Ku tafi da takardar haihuwa. Ka tsaya a kan mai bugawa ya juyo maka fuskar kwamfutar, ku karanta harafi bayan harafi kafin ya tura. In ya ɓata rai, ya ɓata, ai ba sunansa ba ne.