Rumbu ɗaya, ɗaki huɗu: Yadda muryar Malam ta dawo gida

Wata ranar Juma'a bayan la'asar na shiga gaida Hajiya, mahaifiyata, na tarar da ita zaune a kan darduma tana jujjuya wani tsohon kaset a hannu. Idonta ya yi rauni, ba ta iya karanta rubutun da ke jikinsa, amma ta gane shi da wata tsaga da ke gefensa. Bayan mun gaisa sai ta ce, "Kai, wai yanzu duk gidan nan babu abin da zai ci kaset ɗin nan? Ina so in ji Malam." Malam shi ne mahaifina, Allah Ya jiƙansa. A cikin kaset ɗin, da wani guda ɗaya ɗan'uwansa, yana ba da labarin yadda suka je aikin Hajji ta ƙasa yana saurayi: daga Maiduguri suka bi ta Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu, suka ratsa Sudan har bakin Bahar Maliya.

Na rasa amsar da zan ba ta. Gida ne mai waya tara da talabijin biyu, amma rediyo mai cin kaset ɗin da muke da shi ya daɗe da mutuwa. Ƙanena ya taɓa juye muryar a wayarsa, aka sace wayar a kasuwa. Da na zauna na yi lissafi a daren nan, sai na ga ba kaset ɗin Malam ne kaɗai ke cikin wannan hali ba. Bidiyon aurena yana cikin wani faifan CD da ya fara kankarewa. Hotunan sunan yara sun warwatsu a memori huɗu, ɗaya ma ba a san inda yake ba. Waƙoƙin Shata da na Ɗanmaraya Jos da na tara tun ina ɗalibi suna cikin kwali a saman sif, gara na zagaye su. Yara kuwa kowa ya sake sauko da karatun da ɗan'uwansa ya riga ya sauko da shi jiya, ana ta ƙona data a kan abu ɗaya. Mai karatu bai manta ba, a watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da har kashi 50 cikin 100.

Wannan ne ya sa ni da babban ɗana muka ɗauki hutun ƙarshen mako uku muka kafa abin da masana kwamfuta ke kira uwar garke ta cikin gida. Ni dai rumbu nake kiran ta, domin aikinsu ɗaya. Kwamfuta ce guda da ake tara duk sauti da bidiyo da hotunan gida a cikinta, a bar ta a kunne, kowane ɗaki ya riƙa ɗiba daga gare ta ta waya ko talabijin, ba tare da an kwafi komai ba, ba kuma tare da an taɓa data ba. Zan bayyana yadda muka yi, da inda muka yi tuntuɓe, ko wani ya tsallake ramin da muka faɗa.

Abu na farko shi ne na'urar. Ɗana ya so mu sayi Raspberry Pi, wata 'yar kwamfuta mai girman katin banki da aka fara sayarwa a Birtaniya a 2012, wadda yawanci ba ta shan wutar da ta kai wat 10. Shawara ce mai kyau, amma na tuna da tsohuwar laftof ɗina da aka jingine saboda madannanta sun lalace. Da tsohuwar zuma ake magani. Uwar garke ba ta buƙatar madannai masu kyau ko allo mai haske, kuma laftof tana da abin da ya fi komai daraja a ƙasarmu, wato batir. Idan aka ɗauke wuta ba ta mutuwa nan take, tana jira inbata ta karɓa. Tawa ba ta wuce wat 15 idan allonta a kashe yake, ka ga kusan yunit 11 ke nan a wata. Muka ɗora mata babbar manhajar Ubuntu, muka saita ta kada ta yi barci idan an rufe murfinta, muka ajiye ta a kan kanta a wurin da iska ke ratsawa, nesa da tagar da ƙurar hunturu ke shigowa.

Na biyu shi ne ma'ajiya. Muka sayi faifan ajiya na waje mai cin terabayit 2. Domin mai karatu ya gane girmansa: faifan DVD ɗaya gigabayit 4.7 yake ci, saboda haka terabayit ɗaya zai haɗiye DVD sama da 200. Kaset mai minti 90 idan aka matse shi zuwa MP3 bai cika kai megabayit 90 ba. Amma muryar Malam ban yarda a matse ta ba. Muka aro rediyo mai cin kaset daga wani dattijo mai gyaran rediyo, muka haɗa shi da laftof da 'yar waya, muka naɗi sautin da manhajar Audacity, wadda kyauta ce, muka adana shi a tsarin FLAC da ba ya zubar da komai daga asalin sautin. Babu hanyar gaggawa a nan. Kaset mai minti 90 sai ka zauna masa minti 90.

Na uku shi ne manhajar da za ta yi rabon. Uku ne suka fi shahara: Plex da Emby da Jellyfin. Plex tana da sauƙi ga sabon shiga, sai dai tana buƙatar rajista a shafin kamfaninta, kuma wasu hidimominta na kuɗi ne. Muka zaɓi Jellyfin, wadda wasu masu sa kai suka ɓalle da ita daga Emby a ƙarshen 2018. Kyauta ce, kuma shiga cikinta daga cikin gida ba ya buƙatar intanet. Bayan an girka ta, sai a buɗe burauza a rubuta lambar adireshin kwamfutar a haɗa da 8096, a ƙirƙiri sunan mai gida da kalmar sirri, a nuna mata foldar da kaya suke. Cikin rabin sa'a an gama.

Abin da ba ya ƙarewa cikin rabin sa'a shi ne jera kayan. Rumbun da aka zuba gero da dawa da wake a cakuɗe, sai an yi tsinta kafin a ci. Muka raba folda biyar: karatu, waƙoƙi, finafinai, darussan yara, da kayan iyali. Kowane fayil muka ba shi suna da shekara. Nan na yi kuskuren farko, kuma laifina ne: na zuba bidiyon aurena a sashen finafinai, manhajar ta je intanet neman bayaninsa kamar yadda aka tsara ta, ta dawo ta liƙa masa fastar wani fim ɗin Indiya. Uwargida ta yi dariya har da hawaye. Akwai sashe na musamman da aka ware wa bidiyon gida da hotuna, can ne muhallinsa. Tsofaffin finafinan Hausa ma gara mutum ya rubuta bayanansu da hannunsa.

Na huɗu shi ne hanyar da kayan za su bi zuwa ɗakuna. Mutane da yawa ba su san cewa rauta, wato akwatin nan mai rarraba waifai, tana aiki ko babu layi ko data a cikinta ba. Aikinta na asali haɗa na'urorin gida da junansu ne. Muka jona laftof da rautar da kebul, muka kuma ja wani kebul ɗin zuwa talabijin ɗin falo, domin irin wannan waya tana kai saƙo har mita 100 ba tare da gajiya ba. Sauran ɗakuna muka bar su da waifai. Gidajenmu na bulo da ƙofofin ƙarfe suna cinye sigina, kuma zangon 5 ya fi gudu amma zangon 2.4 ya fi ratsa bango, don haka ɗakin Hajiya da ke can ƙuryar gida muka ɗora shi a kan 2.4. Muka kuma umarci rautar ta riƙe wa laftof lambar adireshi ɗaya, don kada ta sauya bayan kowace ɗaukewar wuta a wayi gari ana neman rumbu a rasa.

Talabijin ɗin falo mai Android ce, ta karɓi manhajar Jellyfin kai tsaye. Ta ɗakin yara tsohuwa ce, sai muka saya mata ƙaramin akwatin Android. Wasu finafinan suka riƙa tsayawa suna tafiya, muka gano an matse su ne da sabon tsarin H.265 wanda akwatin bai iya buɗewa, laftof take wahalar sauya su nan take har fankarta na kuka. Muka mayar da su tsarin H.264 da manhajar HandBrake, wanda kusan kowace na'ura ke ganewa, matsalar ta kau.

Akwai bambanci tsakanin kowane ɗaki ya ji abin da yake so, da dukkan ɗakuna su ji abu ɗaya a lokaci ɗaya. Na farkon Jellyfin ta wadatar. Na biyun ya fi wuya, domin ko jinkirin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kunne yana kama shi, sai mai tsayuwa a tsakar gida ya ji kamar amsa-kuwa. Manhajar Snapcast ce ta warware mana wannan. Tana daidaita agogon kowace na'ura da na uwar garke, ta sa wa kowane ɓangaren sauti lokacin da zai fita. Tsofaffin wayoyi uku da ke kwance a durowa muka jona da ƙananan lasifika, da waya muka jona su, domin Bluetooth tana ƙara nata jinkirin. Yanzu da asuba karatu ɗaya ke tashi a kicin da falo da ɗakin Hajiya, a hankali, ba tare da an tashi maƙwabta ba.

Yara kowa da sunansa na shiga. Na zaɓa musu sassan da za su gani, na kuma sa musu sa'o'i, ƙarfe tara na dare rumbu ya rufe musu ƙofa. Na sauya kalmar sirrin da rautar ta zo da ita daga kanti, ban kuma buɗe wa rumbun ƙofa zuwa intanet ba, ko da yake ɗana ya so ya riƙa kallo daga makaranta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma hotunan iyalina ne a ciki. Haka nan ban mayar da shi shagon tura finafinai ba. Abin da na saya ko na naɗa da kaina shi na zuba, domin masu shirya fim da mawaƙanmu sun sha wuya a hannun masu satar fasaha, bai kamata falona ya zama reshensu ba.

To, ga babban tuntuɓen, wanda saboda shi na rubuta wannan maƙala. Kaset na biyu na Malam, mai labarin Sudan da tsallaka teku, zarensa ya tsinke ya cukurkuɗe a cikin rediyo daidai lokacin da muka gama naɗarsa. Ban damu ba, tunda ga shi a rumbu. Na ce zan sayi faifai na biyu idan albashi ya shigo, albashi ya shigo ya fita har sau bakwai. Wata rana ana shara aka ja waya, faifan ya faɗo daga kan kanta yana cikin aiki. Da aka mayar da shi sai ya riƙa wani ƙas-ƙas kamar agogo. Na kai shi wurin masu gyara biyu, ba a ceto komai ba. Waƙoƙi da finafinai na sake juye su daga kwali. Kaset na farko yana nan, na sake zama masa minti 90. Na biyun ya tafi, kuma babu kasuwar da ake sayar da shi.

Na tara abin da ke warwatse a wuri ɗaya, na ɗauka na adana shi, ashe na sauƙaƙa wa asara aiki ne. A da sai ɓarawo da gara da ƙura sun bi kayan ɗaya bayan ɗaya. Yanzu faɗuwa ɗaya ta isa. Masu wannan sana'a suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen gida. Yanzu ina da faifai biyu, ɗaya a jikin laftof, ɗaya a gidan ƙanena, muna musayar su duk farkon wata. Foldar iyali, da yake ba ta da nauyi, tana da kwafi na uku a intanet. Duk wanda kuɗinsa bai kai na faifai biyu ba, ya sayi ƙanana biyu maimakon babba ɗaya. Kuma kada ya zubar da kaset ko CD na asali don ya juye su.

Na yi kwana uku ina juya yadda zan gaya wa Hajiya. Da na gaya mata, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Kunna mini na farkon." Na kunna. Muka saurara har inda Malam ya ce sun isa bakin iyakar Sudan, kaset ya ƙare. Sai kawai ta ɗora daga nan, da muryarta, ta kawo sunayen garuruwan da suka yada zango, da watannin da suka yi suna aikin gonar auduga don tara kuɗin jirgin ruwa, da abokin tafiyarsu da ya rasu a hanya suka binne shi. Shekara arba'in tana jin labarin nan daga bakinsa. Na zaro waya a hankali na danna naɗi.

Fayil ɗin yana nan a foldar iyali, kusa da na Malam, na sa masa lamba ta biyu. Kafin in kwanta a daren nan sai da na tabbatar yana da kwafi uku. Idan akwai wani kaset a saman sif ɗinka, mai karatu, ko wata tsohuwa a ƙuryar gidanku da ta san abin da ke cikinsa, kada ka jira albashi.