Girman Kan da Ke Cinye Inji

Akwai wata ɗabi'a da ta samu gindin zama a zangunanmu, tun daga Aboabo ta Kumasi har Nima da Sabon Zango na Akra, kuma lokaci ya yi da za a kira ta da sunanta. Mutum zai yi shekaru yana tara kuɗi, ya shiga adashi, ya ci bashi, har Allah Ya hore masa mota. Daga ranar da makulli ya shiga hannunsa sai ya ɗauka cewa ɗaga murfin inji zubar da mutunci ne. Ya san launin motarsa, ya san abin da ya biya, amma abin da ke ƙarƙashin murfin nan ya zame masa gaibu. Da wannan ɗabi'a muke jayayya, kuma za mu kafa hujja da abu mafi ƙanƙanta a cikin mota, wato matatar iska, wadda kanikawa ke kira filta.

Jama'a sun ɗauka fetur ne abincin inji. Iskar da yake sha ta ninka fetur nesa ba kusa ba. Domin a ƙona awo ɗaya na fetur ƙonewa cikakkiya, sai an haɗa shi da awo 14.7 na iska a ma'aunin nauyi. Idan aka juya lissafin zuwa lita, kowace litar fetur tana tafiya da iska wajen lita 9,000. Duk wannan iska ta cikin takarda guda take bi, takarda mai ninki-ninki da ke kwance a cikin wani baƙin akwatin roba kusa da inji. Ita kaɗai ce tsakanin ƙurar titi da cikin silinda.

To wace irin iska muke ba ta? Daga Nuwamba zuwa wajen Maris hunturu yana sauko mana daga arewa maso gabas, ɗauke da garin ƙasa da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar ƙasa mai laushi kamar toka. Wanda ya taɓa bin hanyar Tamale zuwa Bolgatanga a Janairu ya san yadda rana ke komawa kamar faifai a cikin hazo. A haɗa da jar ƙasar lungunanmu da ba su ga kwalta ba, da ƙurar da motar gaba ke tayar wa ta baya. Ƙwayar ƙura tana da laushi a yatsa, amma mai yawa daga cikinta ɓarɓashin yashi ne, yashi kuwa yana kankare ƙarfe. In ta wuce matata ta shiga silinda, sai ta cakuɗa da baƙin mai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin bangon silinda da ringin fistin a kowane hawa da sauka. Ba a jin ƙararta. Sai bayan watanni mota ta fara shan baƙin mai, salansa ta fara fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, ƙarfi ya ragu a kan tudu. Daga nan sai garambawul, ko neman wani injin a Abossey Okai da kuɗin da zai sayi matata ɗari.

Yawancin motocinmu tsofaffin hannu ne da aka sauke a tashar Tema daga Amurka da Turai da Koriya. Littafin da kamfani ya rubuta musu yakan ba da tazara mai tsawo kafin a sauya matata, dubban kilomita masu yawa, domin an yi lissafin ne da titunan da ba su san hunturu ba. Amma a cikin littafin nan akwai jadawali na biyu, na mota mai aiki a wuri mai ƙura, inda ake cewa a riƙa dubawa akai-akai, a sauya da wuri. Mu 'yan jadawali na biyu ne. Wanda ya jira adadin farko ya yi wa motarsa hukunci da dokar wata ƙasa.

Aikin da ake gudu ɗin kuwa bai kai tsawon shan shayi ba. A kashe mota a bari ta huce. A ɗaga murfi, a bi babban tiyon baƙar roba da ya fito daga inji, zai kai mutum ga akwatin. A Corolla da ire-irenta maƙalai biyu ko uku na ƙarfe ne ke riƙe da marfinsa, da yatsa ake ɓalle su. A wasu motocin sai an kwance 'yan sukurori. Kafin a zare tsohuwar matata a lura da yadda take kwance, wane gefe ne sama. A ɗaga ta ga hasken rana: in haske bai ratsa ninkin ba, ko an ga yagewa, ko robar bakinta ta tsage, kwananta ya ƙare. A goge cikin akwatin da tsumma mai ɗan laima, a kiyaye kada ganye ko yashi ya faɗa bakin tiyon da ke zuwa inji. A kwantar da sabuwa, a tabbata bakinta ya zauna ta kowane gefe, a mayar da marfi har maƙalai su kama ba tare da dole ba. Abu ɗaya za a yi wa hattara: a motocin zamani akwai 'yar na'ura mai waya a jikin tiyon, ita ke auna iskar da ke shiga. Ba a taɓa cikinta, ba a jan wayarta. Iyakar ilimin ke nan. Yaron da ya iya ɗaure tayar keke zai iya shi.

Me ke faruwa idan mai mota bai iya ba? Ya kai sabis, ya zauna a inuwa yana danna waya. Yaron gareji ya zaro matatar, ya sa mata bakin injin hura taya, ƙura ta tashi, kowa ya ga an yi aiki. Alhali iska mai ƙarfin nan tana iya buɗe ƙananan ƙofofin takardar ko ta tsaga ninkinta, tsagar da ido ba ya gani amma yashi yana ganinta. Wani ya wanke ta da ruwa da sabulu, takarda kuwa in ta jiƙa ta bushe ba ta komawa yadda take. Wankin soson matatar wasu babura daban ne, an yi shi domin a wanke a shafa masa mai. Ba a yi wa takarda ƙiyasi da shi. Mafi muni shi ne wanda zai cire matatar gaba ɗaya, ya ce ai yanzu mota za ta yi numfashi. Za ta yi numfashi kam, irin na wanda ya buɗe baki a tsakiyar guguwa.

Kada a ce muna zagin kanikawa. Suame Magazine abin alfahari ne ga Kumasi, akwai hannuwa a can da ke tayar da injin da masu shi a Turai suka yi wa sallama, kuma 'ya'yanmu da yawa a can suke cin abinci. Amma ƙwararren maigida ba shi ke duba filta ba, aikin ɗan koyo ne da ya zo jiya. Haka nan kasuwar kayan gyara, akwai na gari akwai jabu, kwalinsu iri ɗaya. Jabun takardarsa sirara ce, ninkinsa kaɗan, robar bakinsa ba ta cika akwati. Wanda bai taɓa riƙe ta gari a hannunsa ba, da me zai gane ta banza?

Akwai kuma wata magana da ake yawan faɗa, cewa matata in ta toshe mota za ta sha mai, don haka mai mota zai gane da kansa a aljihunsa. Wannan gaskiya ne ga tsofaffin motoci masu kafireta. Masu bincike a cibiyar Oak Ridge ta Amurka sun gwada haka a 2009, suka tarar cewa a motocin da kwamfuta ke raba musu mai, toshewar matata tana rage ƙarfin ja ne, shan mai kuwa bai cika canzawa ba, domin kwamfutar tana rage fetur daidai da iskar da ta samu. Ma'ana aljihu ba zai yi maka gargaɗi ba. Ita kuma yagaggiyar matata, wadda ta fi toshasshiya haɗari, ba ta da wata alama ko kaɗan. Mota ma sai ta fi sakewa, tana gudu tana cin kanta. Ido ne kawai ke gano ta, idon da ya fi kowa damuwa kuwa na mai dukiyar ne.

Sai masu cewa girma ya hana. Wane girma? Kakanninmu da suka kafa zangunan nan fatake ne, sun tako daga Kano da Katsina zuwa Salaga neman goro, watanni suna tafe. Da Salaga ta watse bayan yaƙin basasar 1892, suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da gaɓar teku. A cikinsu babu falken da zai ce bai san yadda ake gyara akumari ba, ko yadda ake duba bayan jaki kafin miki ya ɓarke. Madugu da duk darajarsa yana zagaya dabbobi da asuba kafin ayari ya tashi, domin ya san dukiyar da ke tafiya da ƙafa huɗu ba a barin ta ga bara shi kaɗai. Jikansa ya sami mai ƙafa huɗu ta roba, ya ce babbar rigarsa za ta yi datti. A tuɓe rigar a rataye, ba za ta gudu ba.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yawan ƙararrakin da ke zuwa zauren manya a kan wannan. Mutum ya sayi tasi ya ba ɗan'uwansa bisa sharaɗin ya riƙa biya har ya mallaka. Kafin a kai rabin biya inji ya buga. Mai mota ya ce direba ya ci amana, direba ya ce ruɓaɓɓiyar mota aka ba shi, iyaye mata su shiga, gidaje biyu da suka haɗa aure su daina gaisawa. In aka tambaye su yaushe aka buɗe akwatin iska na ƙarshe, sai a ga suna kallon juna. Wani lokacin ma motar ta marayu ce, ko ta wata baiwar Allah da ta sayar da 'yan kunnenta ta zuba a ciki.

Saboda haka muke cewa duk yarjejeniyar ba da mota da za a rubuta a gaban shaidu, a sa a cikinta cewa mai mota da direba za su buɗe akwatin nan tare sau ɗaya a wata, sau biyu a watannin hunturu, kuma tsohuwar matata ita ce rasit: ba a yarda an sauya ba sai an kawo ta an gani. Mai mota ya rubuta kwanan wata da lambar kilomita a gefen sabuwar da biro kafin ya rufe marfin, domin in ya buɗe wata mai zuwa ya san ko tasa ce a ciki.