Lemun Tsami da Na'urar da Ba Ta Son a Ɗauke Wuta

Duk wanda ya taɓa shiga Kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa a lokacin da kaya suka yi yawa ya san warin da ke tashi daga gefen rumfuna. Motoci na sauke lemo daga Binuwai da sauran jihohin da ake nomansa, abin da aka sayar ya tafi, wanda ya kwana biyu kuma ya fara laushi, daga nan sai juji. Bayan 'yan watanni, lemun tsamin da ake zubarwa shi ne uwargida za ta saya ƙwaya-ƙwaya da tsada. Wannan asara ce ta sa wasu ma'aikata masu ɗan rufin asiri suka fara sha'awar wata na'ura da ake tallatawa a intanet, wadda ke busar da 'ya'yan itace ta hanyar daskarar da su, har ma ana lissafin a sayo ta a ajiye a kicin a fara sana'a. Sha'awar tana da hujja. Lissafin ne ke da gyara.

Yadda na'urar ke aiki abin mamaki ne ga wanda ya saba da shanya. Ana yanka lemun tsami siriri, a cire 'ya'yansa domin suna kawo ɗaci, a jera a faranti, a daskarar da shi har sanyin ya kai wajen digiri 30 zuwa 40 ƙasa da sifili. Sai wani famfo ya zuƙe iskar da ke cikin akwatin, har matsinta ya gaza kashi ɗaya cikin ɗari na iskar da mutum ke shaƙa. A irin wannan yanayi ƙanƙara ba ta narkewa ta zama ruwa. Da an ɗan ɗumama farantin sai ta tashi tururi kai tsaye, ta je ta manne a jikin bangon akwatin mai sanyi. Abin da ke rage wa shi ne yankan lemo da kamanninsa da launinsa, mara nauyi kamar takarda, ƙamshinsa na nan, kuma mafi yawan sinadarin bitamin C da zafi ke lalatawa bai tafi ba. Dabarar ta daɗe. Mutanen tsaunukan Andes a Kudancin Amurka sun yi ƙarnoni suna barin dankali ya daskare da dare, rana ta busar da shi. A Yaƙin Duniya na Biyu da ita aka riƙa adana ruwan jini domin sojojin da suka ji rauni, daga baya kamfanonin kofi suka ɗauke ta.

Amfaninsa a girki ma ba ƙarami ba ne, musamman a ƙasar da ta iya sarrafa tsami. Garin lemun da aka busar haka yana shiga kunun gyaɗa a madadin tsamiya, yana shiga zoɓo da shayi, ana barbaɗa shi a kan gasasshen kifi. Inda ya fi burgewa shi ne yaji. Mai tsire ko mai kilishi ba zai matsa ruwan lemo a cikin yajinsa ba, domin danshi zai dunƙule shi ya kuma rage masa kwana. Busasshen gari kuwa yana gauraya da ƙuli-ƙuli da barkono da citta ba tare da ya jiƙa komai ba. Sai dai garin mayen danshi ne. Idan aka bar kwalbar a buɗe cikin watan Agusta, kafin la'asar ya zama danƙo, don haka ba ya rabuwa da mazubi mai rufewa ruf.

Daga nan ne lissafi ke shigowa. Ƙananan na'urorin gida, irin na kamfanin Harvest Right na Amurka, suna da tsada sosai tun kafin a yi maganar jigila da kwastan. Matsakaiciya tana ɗaukar 'yan kilo kaɗan a zubi guda, tana kuma shafe awa 24 ko fiye da haka tana aiki, tana jan wuta kimanin kilowat ɗaya. Kusan kashi tara cikin goma na nauyin lemun tsami ruwa ne, saboda haka wanda ya zuba kilo huɗu zai kwashe abin da bai wuce rabin kilo ba. Tun Afrilun 2024, lokacin da hukumar kayyade farashin lantarki ta ƙasa ta ɗaga kuɗin masu rukunin Band A zuwa sama da naira 200 a kan kowane kilowat na awa guda, wutar zubi ɗaya kaɗai za ta ci dubban nairori. Wannan ma ga wanda wutar ke zama a gidansa ke nan.

Matsalar da ta fi tsadar ita ce yankewa. Firji yana jure a ɗauke wuta na 'yan awoyi. Wannan na'ura ba ta da wannan haƙuri. Famfo ya tsaya, iska ta koma, ƙanƙarar da ke cikin lemon ta narke, aikin yini guda ya koma jiƙaƙƙen abu mai yauƙi. Gida nawa ne a Kano, cikin waɗanda KEDCO ke bai wa wuta, za su iya rantsuwa cewa za a yi awa 30 ba a ɗauke ba? Janareta kuwa, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da shi kwana da yini domin rabin kilo na garin lemo ya zama sayen doki domin a kai tsintsiya kasuwa.

Saboda haka, idan wannan fasaha na da gurbi a Kano, gurbin yana Sharaɗa da Challawa da Bompai. A can ne ake da manyan layukan wuta, da rumbunan da suka zama kufai tun bayan da masaƙu da sauran masana'antu suka yi ta rufewa daga shekarun 1980 zuwa yau, da makanikai da masu gyaran injin sanyi da suka san aikinsu. Babbar na'ura guda da ke aiki ba tsayawa ta fi ɗari da ke warwatse a gidaje sauƙin kuɗi a kan kowane kilo. Tsarin da ya dace kuwa ba baƙo ba ne ga Bahaushe: injin niƙa. Babu matar da ke sayen injin don ta niƙa tiya biyu ta masara. Kaiwa take yi, ta biya, ta karɓo garinta. Haka mai ƙaramar sana'ar kayan yaji za ta iya kai lemonta ko mangwaronta ko tattasanta, a busar mata, a rufe mata a leda mai hana iska, a wurin da NAFDAC ta riga ta duba tsaftarsa. Dokar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, ga kuma bututun iskar gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Ranar da ɗayan waɗannan ya zama wuta tsayayya a unguwannin masana'antu, lissafin zai canza. Kafin ranar, mai zuba jari sai ya haɗa da kuɗin samar wa kansa wuta.

Akwai kuma darasin Kadawa, wanda bai kamata a manta ba. Masana'antar tumatir ta Ɗangote, wadda aka gina domin sarrafa tan 1,200 a kullum, ta fara aiki a 2016, ba a jima ba ta tsaya: tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonaki, daga baya kuma aka yi ta fama da rashin isasshen tumatir a farashin da zai gamsar da manomi da masana'anta baki ɗaya. Inji ba ya cika kansa. Wanda zai kafa na'urar busarwa a Sharaɗa dole ya san abin da zai zuba mata a kowane wata na shekara, lemo a lokacinsa, mangwaro a bazara, citta daga Kudancin Kaduna, albasa da attarugu daga fadamu, ya kuma san wanda zai saya da tsadar da za ta biya wutar. Otal-otal da kamfanonin kayan sha da kasuwar waje za su iya. Mai sayen cefanen yau da kullum a 'Yankaba ba zai iya ba.

To, me ya rage wa gida? Abin da ƙasashen yankin Tekun Fasha suka daɗe suna yi. A Oman da Iraƙi da Iran ana tafasa lemun tsami ɗungurungum na 'yan mintuna a ruwan gishiri, a shanya shi makonni har ya yi baƙi ko ruwan ƙasa, ya yi sauƙi, ana girgiza shi ana jin 'ya'yansa na kaɗawa. Larabawa na kiransa lumi. Alhazai da yawa sun ci shi a cikin shinkafar kabsa a Makka ba tare da sun san sunansa ba. Ɗanɗanonsa daban ne da na ɗanye, tsami ne mai zurfi da ɗan ƙauri, kuma gaskiya bitamin ɗinsa ya ragu sosai. Amma a farfesu ko dafa-duka ana huda guda biyu a jefa, su yi aikin da ruwan lemo ba zai yi ba. Iskar hunturu ta Kano, daga Disamba zuwa Fabrairu, ta bushe yadda wannan aiki ke so, kuma kyauta ce.

Al'ummar da ta ƙware a kauɗar tumatir da busasshiyar kuɓewa da kuka da kilishi ba ta buƙatar a koya mata shanya. Abin da ke rage darajar kayanta shi ne inda ake shanyar: gefen kwalta a hanyar Zariya, cikin ƙura da hayaƙin mota, awaki na ratsawa. Cibiyar binciken adana amfanin gona ta ƙasa, NSPRI, wadda ke da ofishi a Kano, ta daɗe tana ƙera rumfunan busarwa masu aiki da zafin rana, rufaffu da leda mai haske, da tarage a sama da ƙasa. Kuɗin na'urar daskarewa guda ɗaya zai kafa irin wannan rumfa ga ƙungiyar mata a Kura ko Bunkure, kuma babu abin da zai same ta idan an ɗauke wuta tsakar dare.