Daga kumburin dasashi zuwa cutar noma: Aikin da ya rage bayan matakin WHO

A ranar 15 ga Disamba, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta saka cutar noma a jerin cututtukan yankuna masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Najeriya ce ta jagoranci neman hakan, kuma ba banza ba: tun 1999 akwai asibiti na musamman a Sakkwato da ke kula da yaran da cutar ta zaizaye wa baki da fuska, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa tun 2014.

Sai dai noma ba ta faɗowa daga sama. Tana somawa ne da kumburin dasashi, irin wanda iyaye kan ɗauka zafi ne kawai. A jikin yaro ɗan shekara biyu zuwa shida da tamowa ko kyanda ta raunana, ƙwayoyin cuta kan cinye dasashin, su huda kunci cikin 'yan kwanaki. Ƙiyasin WHO ya nuna cewa har tara cikin goma na waɗanda ba su sami magani ba kan mutu. Amma a matakin farko, tsabtace baki da maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita.

Haka lamarin yake ga sauran cututtukan baki. Rahoton WHO na 2022 ya ce suna damun kusan mutum biliyan 3.5 a duniya, kuma ruɓewar haƙori ce kan gaba. Ba tsutsa ce ke haƙa kogon ba, kamar yadda wasu ke zato. Ƙwayoyin cuta ne ke mayar da sukarin da ya maƙale a baki ruwa mai tsami, shi kuma ya riƙa cin ɓawon haƙori a hankali. Ƙaramin kogo ciko kawai yake buƙata. Idan ya kai ga jijiya, sai dai a kashe ta a cike gurbin, aikin da ke da tsada, ko kuma a cire haƙorin. Kanumfari da ƙwayoyin kemis suna kwantar da zogi, amma ba sa hana ruɓewar ci gaba. Ga manya kuwa, ciwon dasashi ne ke sassauta haƙora har su zube, musamman ga masu ciwon suga da mashaya taba, alhali wankin haƙora a asibiti kan dakatar da shi da wuri.

To me ya sa ake makara? Likitocin haƙori sun yi karanci, kuma akasarinsu suna manyan birane. Mutumin karkara ba ya niƙar gari zuwa asibitin koyarwa sai kunci ya kumbura, lokacin da cirewa ce kaɗai ta rage.

Mafitar ba boyayya ba ce. A 2021 WHO ta saka man goge baki mai sinadarin fuloraid da wasu kayan ciko masu sauƙi a jerin muhimman magunguna, waɗanda ma'aikacin lafiya da aka horar zai iya amfani da su ba tare da injin burgi ba. Najeriya kuma ta ƙaƙaba harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai sukari a Dokar Kuɗi ta 2021, sai dai ba a keɓe kuɗin ga lafiya ba.

Don haka gwajin gaske yana wuyan jihohi da ƙananan hukumomi: shin ma'aikaciyar da ke yi wa yaro rigakafi ko awon nauyi za ta riƙa buɗe bakinsa ta duba dasashi? Muddin ba a kai ga nan ba, asibitin Sakkwato zai ci gaba da gyara fuskokin da magani mai araha ya isa ya kare tun farko.