Gasar Fantasy Daga Ƙasan Teburi Take Mutuwa

Da zarar Agusta ta kama, kowa a majalisarmu ta Ƙofar Nassarawa, nan gefen gadar sama, koci ne. Fantasy Premier League za ta ba ka fam miliyan 100 na wasa ka sayi 'yan ƙwallo 15, kada su wuce uku daga ƙungiya ɗaya, ka naɗa kyaftin makinsa ya ninka. Ni ke riƙe da gasarmu, ni ke raba lambar shiga, kuma a kaina ake sauke ƙorafi.

Irin wannan wasa ya yi suna ne a Amurka, bayan Daniel Okrent da abokansa sun tsara gasar besbol ta kan takarda a New York a 1980. Ciwon kan mai riƙe da gasa kuwa iri ɗaya ne, can da nan.

Masu irin aikina sun fi sa ido a kan na sama, alhali ɓarnar daga ƙasa take farawa. Kaka mako 38 ce. Kafin Disamba, wanda aka yi wa nisa ya daina buɗe manhajar, ya bar mai jinyar gwiwa a matsayin kyaftin. A tsarin gaba-da-gaba, duk wanda jadawali ya haɗa shi da wannan gawa ya kwashi maki uku a ɓagas, wanda kuwa ya kara da shi tun yana da rai ya sha wuya. Haka ake ɗaukar kofi ba da gumi ba, sai rigima ta ɓarke a WhatsApp.

Shi ya sa muke fitar da gwarzon wata, lissafi ya koma sifili kowane wata, na ƙarshe ma ya sa rai. Ana rufe canji minti 90 kafin wasan farko na mako, don haka tun da safe nakan kira masu sanyin jiki: "Malam, ɗan wasanka fa yana asibiti." Tsokana kuwa gishirin gasa ce, amma wanda ya taɓa iyayen wani, waje.

Doka a rubuta ta kafin a taka leda, har da hukuncin mai shigowa da ƙungiya biyu da sunan ƙaninsa. Idan ƙara ta shafi shugaban gasa, ya koma gefe wasu su yanke.

Sai maganar kuɗi. Kowa ya zuba, mutum ɗaya ya kwashe, wannan caca ce ko da me aka kira ta, kuma a 2024 Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Kano. Mu wani dattijon majalisa ne da ba ya cikin gasar yake sayen rigar Kano Pillars ya ba zakara.

Shugabannin gasa na unguwanni, ku duba teburinku yau, ku kira mutum biyar na ƙarshe kafin Asabar.