Jirgin da ya ci kuɗin wani gari a Amurka, ya zo ya yi shekara biyar yana aiki a bakin Maroko

 Sharhin wannan mako ya kai mu bakin teku, can inda Afirka ta kusa taɓa Turai.

Tun watan Mayu na 2025, kamfanin Baleària ya karɓi wurin da kamfanin FRS ya riƙe shekara da shekaru a layin jiragen ruwa masu gudu tsakanin garin Tarifa na Sifaniya da birnin Tanje na Maroko. An ba shi izinin shekara 15, shi kuma ya yi alkawarin kawo sabbin jirage biyu masu aiki da lantarki zalla, ba gazuwal, a 2027. Kowanensu zai ɗauki mutum wajen 800 da mota fiye da 200. Abin da ya ja hankalina shi ne gudunsu: kilomita 48 a awa, in sun ƙure. Alhali a wannan layin an taɓa yin jirgi mai girmansu wanda ke haura kilomita 80 a awa in an sake masa linzami. Me zai sa ɗan kasuwa ya zuba kuɗi a kan abin da bai kai na da sauri ba? Ku biyo ni mu bi sawun tsohon jirgin, don ya sha yawo, har suna huɗu ya amsa.

Ga wanda bai taɓa ganin irinsa ba, ya tuna da bak ɗin Farie da ke tsallakar da motoci a kogin Kwara kafin a gina gada. Aikin ɗaya ne, girma da gudu ne ba ɗaya ba. Wannan tsawonsa mita 86, jikinsa na alminiyom ne don ya yi sauƙin nauyi, kuma a kan ƙafa biyu yake tsaye, kamar an jera kwale-kwale biyu an ɗora masu bene. Injuna huɗu ne ke zuƙo ruwa suna feso shi ta baya da ƙarfi, da haka yake tafiya. Yana ɗaukar mutum 774 da ƙananan motoci 238. Kamfanin Austal na Ostareliya ne ya ƙera shi, kuma sunansa na yanka Spirit of Ontario.

Ba don teku aka saye shi ba. An saye shi ne don tabkin Ontariyo, ya riƙa haɗa birnin Rochester na jihar New York a Amurka da Toronto, birni mafi girma a Kanada. Rochester gari ne na mutum dubu 200 da ƴan kai, wanda masana'antunsa suka ja baya, musamman Kodak mai fim ɗin hoto. Magajin garin na lokacin, William Johnson, ya rungumi aikin hannu biyu-biyu da fatan ƴan Toronto za su riƙa tsallakowa suna kashe kuɗi. An gina tasha sabuwa fil, an yi ta shela.

Tun a hanyar kawo shi aka fara ganin alama. A watan Afrilu na 2004 ya gogi bakin tasha a birnin New York, jikinsa ya ɓule, sai da aka yi gyara. Bai fara jigila ba sai tsakiyar watan Yuni. Farkon watan Satumba kuma kamfanin da ke tafiyar da shi ya ce ya tsaya, aljihu ya bushe. Wata uku bai cika ba.

Kuma fa ba fasinja aka rasa ba. A wannan ɗan lokacin mutum fiye da dubu 100 sun shiga. Matsalar ita ce kuɗin da ke fita ya fi wanda ke shiga. Jami'an duwan na Amurka ba su ba da izinin ɗaukar manyan motocin kaya ba, alhali da su aka yi lissafin riba. Jirgin na ɗauke da tutar Bahamas, don haka doka ta tilasta a riƙa biyan matuƙin jagora na musamman a kowace tafiya. Kanada ma ta ce a biya kuɗin ma'aikatan duwan ɗinta. Ga kuma mai. Jirgin ruwa ba kamar mota ba ne: in ka ninka gudunsa, man da zai sha ya wuce ninki biyu nesa ba kusa ba, don ruwa ture shi ake yi.

A nan ne, a ganina, aka yi babban kuskure. Maimakon gari ya tsaya ya tambayi dalilin da ya sa ɗan kasuwa ya gudu, sai ya shiga gwanjo a watan Fabrairu na 2005 ya sayi jirgin da kansa, da bashi, a kan dala miliyan 32. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwa ba. A kuɗinmu ya haura miliyar 15 na sefa. An sake tada shi ƙarshen watan Yuni. Kafin shekara ta ƙare an yi asarar wajen dala miliyan 10. Sabon magajin gari, Robert Duffy, ya kama aiki a watan Janairu na 2006, kuma cikin kwanakinsa na farko ya ce a tsaya haka nan.

Duk waɗancan dalilai gaskiya ne, amma akwai wanda ya fi su nauyi. Tsakanin Rochester da Toronto akwai kwalta. Mutum zai zagaya tabkin da motarsa, kilomita wajen 270, ya ɗan fi Maradi zuwa Damagaram, cikin awa uku ko uku da rabi. Jirgin kuwa yana cin awa biyu da ƴan mintoci a kan ruwa, ban da layin shiga, da bincike, da layin fita. To mai iyali da mota, me ya ci riba? Ya shiga sau ɗaya don sha'awa, ya ɗauki hoto, gobe ya koma kwalta. Ga hunturu na can da ke korar matafiya watanni da dama, jirgi na ɗaure, bashi na tafiya.

Wani kamfanin Ingila ya yi cinikinsa ya kasa biya. Sai a 2007 FRS, kamfanin Jamus, ya saye shi a kan wajen dala miliyan 30, ya raɗa masa Tanger Jet II, ya kawo shi Tarifa. Jirgin da ya kasa cika wata uku a jere a karon farko, sai ga shi ya yi kimanin shekara biyar yana kai da kawowa. Ba a canza masa injin ba, ba a rage masa ƙishin mai ba. Wurin ne ya bambanta. Tsakanin Maroko da Sifaniya babu gada, babu hanyar zagaye. Ko ka shiga jirgin ruwa, ko ka hau na sama ka bar motarka. Tafiyar kilomita 30 da ƴan kai ce, ƙasa da awa guda, don haka jirgi zai je ya dawo sau da yawa a yini. Sannan duk bazarar Turai ƴan Maroko mazauna Faransa, Beljiyam, Holan da sauransu kan ɗoro kaya a kan motoci su nufo gida, a shirin da ake kira Marhaba. A ƴan shekarun nan mutum fiye da miliyan 3 ke ratsa tashoshin yankin a kowane zagaye. Ƴan'uwanmu ƴan ci-rani sun san wannan irin tafiya: ba yawon sha'awa ba ne, dole ce. Abin da kan tsayar da jiragen Tarifa shi ne iskar gabas mai ƙarfi, wadda kan sa a rufe tashar yini guda ko fiye.

A 2012 aka ɗauke shi aka kai shi Danmak da sunan Dolphin Jet, tsakanin Aarhus da Kalundborg. Can ma akwai gada babba da wasu jiragen masu gudu. Layin ya rufe a 2013.

Zangonsa na ƙarshe ya fi ban tausayi. Kamfanin Conferry na Benezuwela, wanda gwamnatin Hugo Chávez ta karɓe a 2011, ya saye shi ya sa masa Virgen de Coromoto, don jigila zuwa tsibirin Margarita. Tsibiri ne, buƙata kuwa ba a magana. Sai dai irin wannan jirgi kamar dokin sarki yake, ba ya cin ƙaiƙayi. Injunansa na Jamus ne, kayan gyaransa da kuɗin waje ake sayo su, ga kanikawa na musamman. Da farashin man fetur ya faɗi daga 2014, kuɗin waje ya yi wa ƙasar wuya, sai jiragen kamfanin suka riƙa tsayawa ɗaya bayan ɗaya, shi ma ya bi sahu. Wasu daga cikinsu a ɗaure a bakin tasha ruwa ya ci su. Wanda ya taɓa ganin sabuwar motar asibiti a kan duwatsu don an rasa ƙarfe ɗaya, ya fahimci zancen.

To mu komo kan sabbin jiragen. A tafiyar kilomita 30, bambancin gudun 80 da na 48 bai wuce kwata na awa ba, kuma ba wanda zai fasa zuwa ganin tsohuwarsa saboda minti goma sha biyar. Baleària ya bar gudun da fasinja ba ya biya, ya kama rage kuɗin mai, kuma a nan ina ganin lissafinsa ya fi na Rochester tsayuwa da ƙafa. Inda nake da ja shi ne wajen gyara da wuta. Jirgin lantarki sai an cika masa batir a kowace tasha cikin ɗan lokacin da fasinja ke sauka suna hawa, wato dole Tarifa da Tanje duka biyun su samu wuta mai ƙarfi da ba ta yankewa. In ɗaya ta makara da aikinta, jirgi sabo zai zauna. Lokaci kuma ba ya jira, don Maroko da Sifaniya da Fotugal ne za su karɓi gasar ƙwallon ƙafa ta duniya a 2030.

Tashar da aka gina wa jirgin a Rochester tana nan har yau a bakin tabki. Gidajen abinci ne a ciki, ana kuma hayar zaurenta don bukukuwan aure.