WADDA TA CI BAKWAI DA WADDA TA CI BIYU

Ran Lahadi 24 ga watan Nuwamba na 2024 aka rufe gasannin golf na mata na shekara a garin Naples, cikin Jihar Fulorida ta ƙasar Amurka. Da aka buɗe littafin lissafi sai aka ga abin mamaki. Nelly Korda, Ba'amurkiya, ta ci gasa 7 cikin shekarar, ta tashi da dala miliyan 4 da dubu 390 da 'yan kai. Jeeno Thitikul kuwa, mutuniyar ƙasar Tailan, 'yar shekara 21, gasa 2 kaɗai ta ci, ɗaya ma ta haɗin gwiwa ce da wata 'yar ƙasar Sin, amma ta tashi da dala miliyan 6 da ɗoriya, abin da kafin wannan lokaci ba wata mace da ta taɓa samu a wannan wasa cikin shekara guda. Duk akawun da aka miƙa wa lissafi irin wannan, lalle ya sake duba shi kafin ya sa hannu. To, ba kuskure a ciki, haka aka tsara abin, kuma tsarin ne muke so mu duba.

Bari mu fara da yadda wasan yake, domin ba kowa ya san shi ba, ko da yake akwai filayensa a Kano da Kaduna da Jos, har waɗansu na ce masa ƙwallon lambu. Fili ne mai faɗi da rami 18. Ana bugun 'yar ƙaramar ƙwallo da sanda daga mafari har ta faɗa rami, sa'an nan a wuce na gaba. Wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Yawancin gasa kwana 4 ake yi, watau rami 72 ke nan. Ƙungiyar da ke shirya wa mata masu cin abinci da wannan wasa gasanninsu ita ce LPGA. Mata 13 suka kafa ta a 1950, cikinsu har da Babe Zaharias da Patty Berg da Louise Suggs. A wannan shekara ta fari Zaharias ce ta fi kowa samu, abin da ta samu kuwa dala 14,800 ne. A 2024 ladan da aka aza bisa gasanni 30 da 'yan kai ya haura dala miliyan 118. Wannan ci gaba ne, ba mai musu.

Abin da Korda ta yi a farkon 2024 ba ƙarami ba ne. Daga watan Janairu zuwa Afrilu ta shiga gasa 5 a jere ta cinye su duka, ta biyar ɗin ita ce ta Chevron, ɗaya daga cikin manyan gasanni 5 na shekara. Kafin ita mata 2 kaɗai suka taɓa yin haka, Nancy Lopez a 1978, da Annika Sorenstam daga ƙarshen 2004 zuwa farkon 2005. Ta ƙara ta shida a watan Mayu, ta bakwai a Nuwamba. A tsakani kuwa ta ga ta kanta. A ranar farko ta babbar gasar Amurka, a Lancaster, ta zo wani gajeren rami da gwanaye ke gamawa da bugu 3, ƙwallonta ta yi ta faɗawa rafi, sai da ta yi bugu 10. Gasa 3 a jere aka sallame ta tun a rana ta biyu. Duk da haka ita aka naɗa gwanar shekara, kuma ba wanda ya ɗaga murya ya ce an yi son kai.

To, ina kuɗin suka maƙale? Ga yadda abin yake. Bisa al'ada wadda ta ci gasa tana ɗaukar kashi 15 cikin 100 na ladan da aka aza, saura a raba wa na baya bi da bi. Gasar da Korda ta fara ci a Janairu dala 262,500 ta ba ta. Ta Chevron ta ba ta miliyan 1 da dubu 200. In aka tara ladan nasarorinta 7 gaba ɗaya, ba su kai dala miliyan 3 da rabi ba. Amma gasar rufe shekara, wadda kamfanin CME Group na birnin Shikago ke ɗaukar nauyinta, an aza mata dala miliyan 11, aka ce ta ɗaya ta kwashi miliyan 4, ta biyu miliyan 1. Watau ta ɗaya ta ɗauki fiye da sulusi. Ashe nasara guda a mako na ƙarshe ta fi nasara 7 na wata 11 tsoka.

Mata 60 ne ke shiga wannan gasa, waɗanda suka fi tara maki tun daga Janairu. Amma da zarar sun shiga sai a shafe makin, ta ɗaya da ta 60 su tashi kunnen doki. A rana ta ƙarshe Angel Yin ta Amurka na gaba da bugu 2, saura rami 2 a gama. Thitikul ta kamo ta a rami na 17, ta wuce ta a na 18. Bugu guda ya raba su, wannan bugu kuwa kuɗinsa dala miliyan 3. Ba mu rage wa yarinyar nan komi ba. Mai iya riƙe hannunta kada ya yi rawa a irin wannan sa'a, gwana ce, kuma ba ita ta tsara rabon ba.

Masu kamfanin suna da hujjarsu, ya kuwa kamata a ji ta. Shekara da shekaru ana kukan ba a kula da wasan mata, talabijin ba ta nuna shi sai a lokacin da mutane ke barci ko suna wurin aiki. Lada mai girgiza kunne shi ke jawo 'yan jarida, 'yan jarida su jawo 'yan kallo, 'yan kallo su jawo waɗansu kamfanoni. Dala miliyan 4 ɗin nan ita ce lada mafi girma da aka taɓa ba mace a gasar golf guda, duniya kuwa ta ji labari. Ga kuma tazarar da ke tsakaninsu da maza. A wannan shekara ta 2024 Scottie Scheffler shi ma gasa 7 ya ci a ɓangaren maza, amma ladan gasanninsa ya wuce dala miliyan 29, ban da wata miliyan 25 da aka ba shi ta zakaran shekara. A babbar gasar Amurka an aza wa maza miliyan 21 da rabi, mata miliyan 12. Wanda ya zo da dukiyarsa yana neman rage wannan tazara, ba a tare shi da gatsine ba.

Amma fa akwai waɗanda ba a ambatonsu, su ne kuwa suka fi yawa. Malamin makaranta da akawu sun san ƙarshen wata albashi na zuwa, ko wata ya yi kyau ko bai yi ba. 'Yar wasan golf ba ta da albashi. A gasa ta kullum mata kamar 144 ke farawa. Bayan kwana 2 sai a tace, a bar 65 na gaba da waɗanda suka yi daidai da ta 65, saura kowa ta kama hanya hannu rabbana. Ga kuɗin jirgi, ga masauki, ga abinci, ga haƙƙin mai ɗaukar mata jakar sanduna, wanda dole a biya shi ko an ci ko an faɗi. Tafiyar ma ba ta kusa ba ce. Bayan gasannin Amurka akwai na Tailan da Singafo da Sin a farkon shekara, akwai na Faransa da Sikotilan a tsakiya, sa'an nan a koma Sin da Koriya ta Kudu da Maleshiya da Jafan da kaka. Waɗansu manyan gasanni sun fara ba wadda aka sallama ɗan abin guzuri, amma ba duka ba. Lexi Thompson, wadda ta fara shiga babbar gasar Amurka tana 'yar shekara 12, ta ba da sanarwa a watan Mayu na 2024 cewa za ta daina bin gasanni na cikakkiyar shekara tana da shekara 29, ta kuwa ambaci kaɗaici da nauyin da ke bisa zuciyar mai wannan sana'a. In wadda ta yi suna ta tara dukiya ta faɗi haka, ina ga ta 120 a jerin sunaye?

A ganinmu, da an rage ladan ta ɗaya a gasar rufe shekara zuwa miliyan 2, da har yanzu ya isa a yi shela da shi. Miliyan 2 da ta rage kuwa, mu yi mata lissafin allo: mata 80 da aka sallama, kowace dala 1,000, a gasa 25, ta tashi daidai. Ba za ta mai da kowa attajira ba, amma ta biya masauki, ta hana yarinya mai hazaƙa komawa gida tun ba ta nuna abin da ta iya ba. Sai dai kuɗin na kamfani ne, kamfani kuwa suna yake saye, kuma ba a buga sunan kowa a jarida don ya biya wa ta 100 kuɗin ɗaki. Nan ne ƙungiyar ke da aiki, domin ita ce ta 'yan wasa duka, ita ya kamata ta yi wannan ciniki da masu kuɗi.

Wani abin lura kuma shi ne inda ƙarfin wasan ya koma. Cikin manyan gasanni 5 na 2024, Jafan ta ɗauki 2 ta hannun Yuka Saso da Ayaka Furue, Amy Yang ta kai wa Koriya ta Kudu ɗaya. Lydia Ko ta ƙasar Niyu Zilan, wadda a Koriya aka haife ta, ta ci zinariya a wasannin Olamfik na Faris a watan Agusta, bayan mako 2 ta ci babbar gasar Birtaniya a St Andrews. Wannan reshe ne na abin da Se Ri Pak ta shuka a 1998, sa'ad da ta ci babbar gasar Amurka 'yan matan Koriya suna kallo.

A 2025 ba a sāke rabon ba. Korda ta gama shekarar ba ta ci gasa ko ɗaya ba, Thitikul ta karɓe mata matsayin ta ɗaya a duniya a watan Agusta, ta koma Naples a Nuwamba ta sake ɗaukar miliyan 4.